Fim ɗin da ke cikin wayar Yaya

Ina kan keken ɗinki labarin ya iske ni. Bayan azahar ne, ina kafa wuyan wata riga, sai wani ɗan kabu-kabu da na sani ya tsaya bakin shagona bai kashe mashin ba. Bai yi sallama ba, shi da ko ruwa zai roƙa sai ya gaishe ka har da iyali. Ya ce motar da ta taso daga Isa an tare ta kusa da Gatawa, an kora mutanen ciki daji, direba kaɗai aka bari da wata tsohuwa da ta kasa tafiya. Na tambaye shi ko Yaya na ciki, alhali na sani, don da bakinsa ya gaya mini da motar azahar zai dawo. Ya ce yana ciki.

Na ƙarasa layin ɗinkin da na fara, ban san dalili ba. Na yanke zare, na ninke rigar, sannan na tashi. Tun daga wannan tashin ban ƙara iya daɗewa zaune wuri ɗaya ba.

Yaya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe gidanmu tun rasuwar mahaifinmu. Ƙaramin fatauci yake yi irin na mutanen bakin iyaka. Ya sayi robobi da takalma da barkono ta wajen Isa, ya haura da su Nijar, ya dawo da dabino da taliya da sabulu. Bai yi arziki ba, amma murhun Inna bai taɓa wuni babu wuta ba. Yana da mata da yara uku. Mutum ne mai ba'a, ko jana'iza aka je sai an harare shi a hanyar dawowa.

A shekarun nan masu bin hanya sun koyi wata dabara. Ba ka tafiya da babbar waya. In mutanen daji suka tare ka, wayar suke fara buɗewa, su duba hotuna da saƙonni da sunayen da ka ajiye, daga nan su yanke maka daraja. Hotonka cikin babbar riga ranar salla ya isa ya ja maka. Don haka kowa ya nemi ƙaramar waya, ya goge duk sunayen da ke ciki, ya bar babbar a gida. Yaya a shagona yake barin tasa, in sa masa caji da 'yar solar da nake da ita. Ran nan ma ya bari, tana cikin aljihun tebur tare da almakashi.

Sannan ga maganar sabis. A lokacin an katse layukan waya a duk yankinmu, aka ce don a toshe wa ɓarayin daji hanyar magana. Mu dai muka wayi gari waya ta koma fitila da rediyo. Ba a daɗe ba mutane suka gano cewa in ka fita arewacin garinmu, Sabon Birni, akwai wani tudu da sabis ɗin Nijar ke tsallakowa. Kowa ya nemi layin Nijar. Yaya ne ya sayo mini nawa. Ɓarayin ma layin Nijar suka koma.

In an ɗauki mutum, abin da ake jira shi ne kira. Sukan ce wa wanda suka kama ya ba da lambar ɗan'uwansa, su kira, a fara magana. Muddin an kira, mutum yana da rai, kuma akwai abin yi. Don haka washegari ana idar da sallar asuba na sa layin Nijar a wayata na nufi tudun.

Akwai wata aduwa a saman tudun, a reshenta na gabas sabis ya fi tsayawa. Mutane kan sa waya cikin leda ko safa su rataya, su koma inuwa su zauna. In ɗaya ta yi ƙara sai ka ga mutum goma sun zabura, tara su dawo suna kakkaɓe riga. Akwai masu jiran ɗan da ke ci-rani, akwai masu cinikin wake, akwai irina. Irina ba su da wuyar ganewa, ba ma shiga hira, kuma ba ma nisa da aduwa ko za mu kama ruwa. Wani mai shayi ya kafa tebur, wani ya kawo janareto yana caji. Ni na kasa zama cikinsu. In zagaya tudun, in dawo in duba ledar, in sake zagayawa. Lokacin kaka ne, gero ya nuna a gonakin da ke ƙasa, wasu an fara yanka, wasu masu su sun ji tsoron zuwa.

A gida kuwa an shimfiɗa tabarmi ana karɓar jaje. Kowa ya shigo sai ya ce Allah ya bayyana shi. Inna ta amsa da amin ba ta ɗaga kai ba. Baffa, ƙanen mahaifinmu, shi ke zaune a zaure yana karɓar maza. Da magariba in na dawo ba wanda ke tambayata, fuskata suke dubawa.

Iyalan wasu da ke cikin motar an kira su. Na roƙe su su tambaya mini Yaya. Amsar da ta dawo ita ce tun ranar farko aka raba mutanen gida biyu, shi ya faɗa cikin waɗanda aka wuce da su gaba, tare da wasu baƙi da ba 'yan garinmu ba.

Na fara tafiya tudun da babbar wayarsa, da tunanin ko wani abokin cinikinsa na Nijar ya ji wani abu. Na kira duk wanda na ga sunansa, ba wanda ya ji komai. Ina cikin laluben wayar ne na ci karo da fim ɗin.

Mun kalle shi tare da damina, wata ranar da ruwa ya tsare shi a shagona tun hantsi. Wurin masu tura fina-finai a kasuwa ya samo shi. Ni ba mai kallo ba ne, shi ma fim na faɗa ya fi so, ya ce yaron masu turawar ne ya cusa masa wannan. Fim ɗin Turawa ne da aka yi wa fassarar Hausa, mutum ɗaya ke yin duk muryoyin, yana ƙara nasa gishirin. Muka jingina wayar da kan keke muka zauna kan benci.

Labarin wani kumbo ne na dako, mai kai kaya tsakanin duniyar nan da wata tasha can cikin sararin samaniya. Wani dutse ya buge shi, abokan tafiya suka mutu, mutum ɗaya ya rage. Ba jarumi ba ne irin na sauran fina-finai, mutum ne mai ɗan tumbi da furfura a gemu. Babu mugu a fim ɗin, babu wanda ake faɗa da shi. Iska ce ke zurarewa, ruwa ke raguwa, sanyi ke shigowa. Kumbon yana ta juyi a hankali, kuma sai ya fuskanci duniya na'urar maganarsa ke iya aika saƙo, na ɗan lokaci kaɗan, sannan ta ɗauke. Shi ba ya jin kowa. Bai san ko ana jin sa ba.

Yaya bai bar fim ɗin ya yi tafiyarsa ba. Tun farko ya ce wannan ba ɗan sama jannati ba ne, direban kamiyo ne, babbar motar kaya, da motarsa ta mace bayan Agadas, ya san irinsu, har tumbin. Da mutumin ya buɗe abincin gwangwani ya ce Allah ya sawwaƙe, a bar duniya a tafi sama kuma babu fura. Muka yi gardama kan yadda zai yi salla da a ce Musulmi ne. Na ce ba alƙibla a can. Ya ce duniyar gaba ɗaya ai alƙibla ce in kana samanta, sai dai ka yi sauri kafin ta juya. Na ce a tambayi Liman. Ya ce in na isa in je in gaya wa Liman fim na kalla.

Akwai wurin da ya sa muka matso kusa da wayar mu biyu. Iska na fita ta wata ɓula da mutumin ya kasa gani. Ya duba ko'ina, na'urorinsa ba su nuna masa ba. Sai ya zauna ya warware zare daga bakin bargonsa, ya sake shi yana shawagi, ya bi shi da ido. Zaren ya yi ta lilo, sannan a hankali ya miƙe ya nufi wani lungu. Can ɓular take. Ni tela ne, na san yadda zare ke nuna iskar da jikinka bai ji ba, kullum ina gani in za ni zura allura bakin ƙofa. Ban taɓa zaton wani a wata ƙasa ya lura da wannan har ya sa a fim ba.

Abin da ya dame ni ran nan shi ne ba a taɓa nuna gidansu ba. Daga farko har ƙarshe muna cikin kumbon. Na ce wa Yaya fim ɗin bai cika ba, ina matarsa, ina uwarsa, ai ya kamata a nuna halin da suke ciki.

Ya ce, "Mi za a nuna? Mutane zaune suna jira? Wa za ya kalli wanga?"

A ƙarshe an cece shi. Wani kumbon dako da ke wucewa ne ya tsinci saƙon, ya karkato. Yaya ya miƙe yana miƙa, ya ce ƙarya ce amma mai daɗi, kuma ya ji daɗi da direba ne ya tsaya wa direba, haka ake yi a hanya. Ruwa ya ɗauke, ya tafi. Ban ƙara tuna fim ɗin ba sai a tudun.

Na kunna shi ne don na gaji da zagaye. Na zauna inda nake hango ledata, na rage murya. Ban kai rabi ba na tashi, na dawo, na ci gaba. Washegari na sake. Ya zama shi kaɗai ke iya zaunar da ni, shi ma ba duka ba, guntu-guntu.

A kallon nan na ga abubuwan da ba'ar Yaya ta hana ni gani. Mutumin yana ninke bargonsa kullum. Yana goge wurin da ya ci abinci, yana gyara gemu da ɗan almakashi, alhali ba mai ganinsa. Gawarwakin abokansa ya lulluɓe su ya jera a ɗaki mai sanyi, in zai wuce ƙofar sai ya rage sauri. In kumbon ya kusa fuskantar duniya yakan bar duk abin da yake yi ya je ya zauna gaban na'urar, ya gyara wuyan riga, ya faɗi magana iri ɗaya: ga ko shi wane ne, ga inda yake, yana da rai. Ba ya kuka, ba ya roƙo. In ta ɗauke ya koma aikinsa. Sau ɗaya kawai ya jefar da kofi, ya kuma bi shi ya kamo. Mai fassarar nan mai surutu ma, na lura, a wuraren nan yakan yi shiru ya bar mu da numfashin mutumin. Ban san shi ba, amma na gode masa.

Wani dattijo Bafillace daga wajen Tsamaye ya fara zama kusa da ni. Shi ɗansa aka tafi da shi tare da shanu. Yakan zo da sandarsa da 'yar butarsa, bai iya duba waya ba, ni nake duba masa ko tana da sabis. Da farko ya ce shi ba ya kallon hoto. Daga baya na ga yana leƙe ta gefen malafa. Da ya ga yadda mutumin ke auna ruwa a murfin gora, yana jiƙa leɓe kafin ya haɗiye, sai ya ce wannan ya taɓa kiwo da bazara, ko ubansa ya taɓa. Ya tambaye ni ko can sama akwai ciyawa. Na ce babu. Ya girgiza kai ya ce to me ya kai su. Kullum in na iso sai ya ce, "Tela, mutuminmu na nan?" In ce yana nan, Baba. Ranar da aka kira shi muna tsakiyar kallo. Ya tafi bayan aduwa ya daɗe yana magana da Fulatanci, ya dawo ya ɗauki butarsa, ya ce an ji muryar yaron. Ya dafa kafaɗata ya sauka. Na yi masa murna har zuciya, amma ran nan ban iya ƙarasa wuni a tudun ba.

Matar Yaya ce ta gano abin da ya shige mana duka. Da can tsakanina da ita wasa ne, irin na matar wa da ƙanen miji, ba ta kirana sai da mai gajeren wando, wai ɗinkina kullum yana gazawa. Tun da abin ya faru ba mu yi doguwar magana ba. Wata safiya zan fita, ta tare ni bakin ƙofar tsakar gida da ƙaramin yaron a bayanta.

Ta ce, "Tela, wace lamba ce ke kanshi?"

Na ce tawa mana, ai shi ya sayo mini layin. Ta ce saye daban, haddacewa daban. Ko tasa ta Nijar bai riƙe ba, in an tambaye shi sai ya duba waya. Tawa sabuwa suna kawai yake latsawa a babbar waya, babbar kuwa ga ta a aljihuna. Ƙaramar da ya tafi da ita ba komai ciki, da hannunsa ya goge. Lamba ɗaya ya haddace a duniya, tsohuwar tawa ta Najeriya, wadda yake bai wa mutane tun kafin ya mallaki waya.

Tsohon layin yana cikin gwangwanin maɓallai a shago. A duk ƙasarmu ba inda zai yi aiki, sai an kusa Sakkwato.

Ran nan na shiga mota. Hanyar ba ta da kyau, kuma motoci kan jira juna su tafi a jere. Na sa layin tun daga tasha, na riƙe wayar a hannu ina duban kusurwar da sabis ke fitowa. Mun wuce garuruwa babu komai. Sai da muka fara hango gine-ginen bakin birni wayar ta girgiza, ta sake girgiza. Saƙonni ne irin waɗanda ke gaya maka wanda ya neme ka bai samu ba. Na abokan ciniki ne da yawa. Cikinsu akwai wata lambar Nijar da ban sani ba, ta nema ta sake nema, duk a kwanakin farko. Daga nan ta daina.

Na kira tun ina cikin mota. A kashe. Na sauka a tasha na tsaya gindin wani shago ina kira har cajin ya ƙare, na ba da caji, na ci gaba. A kashe.

Daga nan na rasa inda ya kamata in kasance. In na zauna Sakkwato, wataƙila labari ya zo ta tudun. In na koma tudun, wataƙila su sake gwada tsohon layin. Akwai ɗan Baffa da ke sayar da kayan miya a birni, na bar masa layin cikin wata ƙaramar waya, na roƙe shi kada ya bari ta mutu, ko wanka zai shiga ya shiga da ita. Na ba shi lambata ta Nijar ya bayar in an kira. Na koma gida, na hau tudun, na kira shi, ya ce shiru. Bayan 'yan kwanaki na kasa haƙuri na sake shiga mota, na je na zauna bakin rumfarsa ina kallon wayar da idona, sannan na dawo. Na yi wannan kai-komo har Baffa ya ce in na ci gaba da bin hanyar nan za a wayi gari ana jaje biyu. Ɗinkin mutane ya taru, wasu suka zo suka karɓi yadinsu, ba wanda ya yi mini faɗa.

A mota ma fim ɗin nake kunnawa, ba murya, don na riga na san abin da ake cewa. Babbar wayar da ake gudun tafiya da ita, ga ni ina yawo da ita. Na san haka, na kasa barin ta.

Bayan an gama ɗaurin gero muka ji an sako wani mutum na wani ƙauye ta wajen Isa, cikin baƙin da aka wuce da su gaba. Na je. Na same shi kwance kan tabarma a zaure, ƙafafunsa sun kumbura, 'yan'uwansa na masa fifita. Na gaishe shi, na ce ina neman labarin wana, dogo, mai tsagen Gobir, mai yawan ba'a. Ya dube ni ya ce, kai ne telan? Na ce ni ne. Sai ya karanto mini tsohuwar lambata daga farko har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ba.

Ya ce duk wanda ke wurin ya haddace ta. An yi ta tambayar Yaya, yana ta maimaitawa, ana kira ba ta shiga. Suka ce ƙarya yake, yana ɓoye danginsa ne. Ya rantse musu ita kaɗai ya sani, ya gaya musu sabis ne babu. Mutumin bai faɗi abin da suka yi masa a kan haka ba, ni ma ban tambaya ba.

Ya ce duk da haka Yaya ne ke riƙe musu hira. In rana ta take, masu gadi sun koma inuwa, sai ya riƙa ba su labarin wani direba da motarsa ta mace a sama, kaɗan-kaɗan, kullum ya tsaya a inda ya ga dama don a roƙe shi. Ya sa wa direban mata biyu da bashin duwan, wato kwastan, abin da babu a fim ɗin. Ya ba su labarin zaren bargo. Har wani yaro cikin masu bindigar kan matso yana saurare. Kafin ya kai ƙarshe zazzaɓi ya kama shi, sannan aka zo aka ɗebi wasu za a kai su wani daji ta gabas, har da shi. Na tambaya yaya ya tafi. Ya ce da ƙafarsa ya tafi, yana dafa wani, amma da ƙafarsa. Bayan nan bai ƙara jin komai ba.

Da zan tashi ya riƙe hannuna, yana jin kunya, ya ce wai direban nan, an same shi kuwa? Na fito da wayar, na kai wajen ƙarshe, na riƙe masa. Ya kalla, 'yan'uwansa ma suka leƙo. Da hasken ɗaya kumbon ya bayyana a tagar ya ce alhamdu lillahi, kamar wani nasa ne. Ni bangon zauren nake kallo.

Na kawo wannan labari gida yadda na ji shi, ban ƙara ba ban rage ba, sai abin da na ga bai kamata Inna ta ji ba.

An daɗe bayan nan aka maido da sabis. Tudun ya koma tudu, mai shayi ya kwashe teburinsa. Na karɓo layina daga Sakkwato na mai da shi wayata. Lambar nan ta Nijar ina gwada ta, wani lokaci ina tsakiyar ɗinki sai in tsaya in gwada. Ba ta taɓa shiga ba.

Fim ɗin har yanzu ina kallonsa, ko da yake ba kamar da ba. Ban san sunan waɗanda suka yi shi ba, ban san ko a ƙasarsu ana ganin ƙimarsa ba. Ni dai na ga mutanen da suka san cewa wanda ke cikin halaka yawancin lokacinsa ba ihu yake ba, 'yan ayyuka yake yi, yana jiran lokacin da zai sake cewa yana da rai. Sun yi haƙuri sun nuna wannan ba su gaggauta ba. Ceton da aka yi a ƙarshe ban ji haushinsa ba, ko a ranakun da suka fi tsanani. In mutum zai ƙirƙiri labari, gara ya ƙirƙiri wanda wani ya ji kiran. Maganar rashin nuna gida kuwa na bar ta, Yaya ya fi ni gaskiya. Na zauna a wannan ɓangaren, babu abin kallo a ciki.

Da wata kakar ta zagayo Baffa ya tara mu a zaure. Ba mutum ne mai taurin zuciya ba, shi ya ɗauki abincin gidan Yaya tun ranar farko. Ya ce an jira, an nema, an yi addu'a. Yarinyar nan, matar Yaya, tana zaune, ba matar aure ba, ba mai takaba ba, yara suna tambaya ba a san abin da za a ce musu ba. A ganinsa a yi wa Yaya sallar ga'ib, a yi sadaka, kowa ya san matsayinsa. Liman ya ce wanda ya ɓata yana da nasa hukunci, akwai jira, akwai zuwa gaban alƙali, ba a gaggawa sai in an sami wanda ya shaida mutuwa. Amma ya ce iyali su fara daidaita bakinsu. Aka aika a tambayi matar Yaya, ta ce abin da Inna ta ce. Aka tambayi Inna daga bayan ƙofa. Ta ce a tambayi tela, shi ya bi sawun.

Duk suka juyo gare ni. Na ce mutum na ƙarshe da ya gan shi, a tsaye ya gan shi.

Baffa ya ce, "Na ji, ɗana. To har yaushe?"

Na ce a ƙara mini lokaci, za ni ƙara tambayawa ta wajen Isa da gaba, ana sako mutane jefi-jefi, wani zai san wani abu. Baffa ya dube ni, ya dubi Liman, ya ce shi ke nan, ranar da na shirya in same shi.

Na je Isa, na wuce gaba, na ga mutum biyu da aka sako daga dajin gabas. Ɗaya bai san shi ba. Ɗaya ya ce kamar ya ga mai irin wannan kama, kamar kuma ba shi ba. Mutanen gari yanzu in sun ambace shi wasu bakinsu kan kuɓuce su ce Allah ya jiƙan shi, sai su gan ni su gyara. Ba na jin zafinsu. Matar Yaya tana ɗakinta, ta fara 'yar sana'ar ƙuli-ƙuli, babban yaron ya shiga makaranta da wandon da na ɗinka masa. Ba ta taɓa ce mini in je ko kada in je ba, kuma na san jiran ya fi cin ta a kaina.

Baffa bai sake tayar da maganar ba. Muna haɗuwa a masallaci kullum, mu gaisa, ya ɗan tsaya ko zan ce wani abu. Ban je na same shi ba. Har yau ba a yi wa Yaya salla ba.